Yadda Mazaunin Kano Zai Shirya wa Gasar Iyo, Keke da Gudun Daji

Tirayatalon gasa ce da mutum ɗaya yake haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu ba. Yakan fara da iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, sannan ya ajiye keken ya ƙarasa da gudu, agogo kuwa yana lissafi tun daga faɗawarsa ruwa har ya tsallake layin ƙarshe. An fara ta a sigarta ta zamani a shekarar 1974 a birnin San Diyego na Amurka, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Wadda ta shafe mu a nan ita ce ta daji, wadda ake yin iyonta a tafki ko teku, a tuƙa kekenta a kan burji da duwatsu da rairayi, a yi gudunta a turba mai hawa da gangara. Sunan da ya fi fice a wannan fanni shi ne XTERRA, wadda aka fara a tsibirin Mawi na Hawai a 1996, aka daɗe ana yin gasarta ta duniya a can kafin a mayar da ita Molbeno ta ƙasar Italiya a 2022. Cikakkiyar gasar takan ƙunshi iyon mita 1,500, keken kilomita 30 ko kusa da haka, da gudun kilomita 10, akwai kuma gajeriya da take kusan rabin wannan. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a fagen, domin Conrad Stoltz, ɗan Afirka ta Kudu, ya ci kambun duniya na XTERRA har sau huɗu, kuma an sha gudanar da gasar a garin Grabouw na ƙasarsa.

Wanda yake zaune a Kano ya riga ya sami biyu daga cikin ukun a kyauta. Da zarar ka bar kwalta a bayan sabuwar jami'ar Bayero, ko ka ratse daga titin Zariya wajen Tamburawa, ko ka nufi ƙauyukan Kumbotso da Dawakin Kudu, ga turbar gona nan, ga rairayi, ga kwazazzabo, ga ƙaya, irin abin da 'yan wasan wasu ƙasashe suke yin tafiya mai nisa su nema. Na ukun, wato ruwa, shi ne wanda sai an saye shi da kuɗi da haƙuri, kuma a nan ne sakaci yake iya jawo asarar rai. Saboda haka tsarin da zan bi a ƙasa ya ba iyo da keke kaso mafi tsoka.

Matakin farko shi ne ka je wurin likita tun kafin ka sayi ko da igiyar takalmi. A auna maka hawan jini da sukari, a saurari zuciyarka, musamman idan ka haura shekara 40 ko kuma akwai ciwon zuciya a danginku. Ka kuma san rukunin jininka game da sikila. Mai ɗauke da AS yana rayuwarsa lafiya lau, to amma idan matsananciyar wahala ta haɗu da zafin rana da ƙishirwa tana iya jefa shi cikin hatsari, don haka ya kamata ya gaya wa likita abin da yake shirin yi, ya kuma riƙa ƙara nauyin atisayensa a hankali fiye da sauran abokansa.

Mataki na biyu, ka zaɓi gasar da za ka shiga, ka kuma ƙirgo makonni daga ranarta zuwa baya. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da gajeriya. Ana yin rajista ta intanet, kuma masu sha'awa ba sa karawa da ƙwararru kai tsaye, ana kasa su rukuni-rukuni ne bisa shekaru biyar-biyar, kamar 30 zuwa 34 ko 35 zuwa 39, maza daban mata daban. Wanda ya riga ya iya iyo yana buƙatar mako 12 zuwa 16 na shiri, wanda bai iya ba kuwa ya ware wata shida aƙalla. Lokacin da ya fi dacewa a ɗora harsashi a Kano shi ne daga watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane, zuwa watan Fabrairu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce, saboda haka duk atisaye mai nauyi a yi shi bayan sallar Asuba, a gama kafin ƙarfe tara. Idan azumin Ramadan ya faɗo a tsakiyar shirinka, ka rage nauyi, ka mayar da atisayen dab da buɗa-baki ko bayan tarawihi, kada ka ce sai ka yi doguwar tafiyar keke da rana tsaka bakinka a bushe. 'Yan'uwa mata da suke son shiga su rubuta wa masu shirya gasar tun kafin biyan kuɗi, su tabbatar an amince da kayan da suke rufe jiki, domin kada a zo ranar gasa a yi ta jayayya a bakin ruwa.

Mataki na uku shi ne iyo, kuma abin da zan fara faɗa hani ne: kada ka koyi iyo a kududdufi. Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, gindinsu laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinsu ba ya da tsari, ruwan kwata kuma yana malala cikinsu, kuma ba sabon labari ba ne a ji ma'aikatan kashe gobara sun tsamo gawar matashi daga ciki. Bayan nutsewa akwai tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini. Ƙwayarta tana girma ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta ratsa fatar mutum yana cikin ruwa ba tare da ya sha ko ɗigo ba, kuma an san ta sosai a yankunan noman rani da madatsun ruwa. Abin da ya dace shi ne ka biya kuɗi a wurin iyo na otal ko na kulob inda ake sa wa ruwa magani, ka kuma nemi wanda ya ƙware ya koya maka. Wannan shi ne kuɗin da ban ga dalilin yin rowarsa ba a duk shirin.

A makonnin farko kada ka damu da sauri, numfashi za ka koya. Kuskuren kusan kowane sabon shiga shi ne riƙe numfashi idan fuska tana cikin ruwa, sai ya ɗago yana son ya fitar da iska ya kuma shaƙa a lokaci guda, nan da nan ya galabaita. Ka riƙa fitar da iska ta hanci da baki a hankali fuskarka tana ƙasa, idan ka juya kai gefe sai shaƙa kawai. Ka saba da juyawa dama da hagu, domin a tafki igiyar ruwa ko hasken rana na iya hana ka amfani da ɓangare guda. Ka bar kanka a sunkuye, idonka yana kallon ƙasa, saboda duk lokacin da kai ya ɗago sama ƙafafu nutsewa suke yi, su zama kaya. Ka auna tsawon wurin iyon da kake zuwa. Idan mita 25 ne, tsallakawa 30 ita ce mita 750, tsallakawa 60 kuma mita 1,500. Kada ka biya kuɗin rajista sai ka iya yin nisan gasarka ba tsayawa, ba riƙe bango, ka kuma fito da sauran ƙarfi, tunda iya ruwa fid da kai ne, kuma keke da gudu suna nan suna jiranka.

Ruwan tafki ba shi da layi a ƙasa, ba shi da bango, sau da yawa ma ba ka ganin tafin hannunka a ciki. Saboda haka tun a wurin iyo ka fara koyon leƙe: bayan kowane bugu shida zuwa goma ka ɗago idanu kaɗan sama da ruwa, ka hango wani abu tsayayye, ka mayar da fuska ka ci gaba. Ka gayyaci abokai biyu ko uku ku yi iyo kafaɗa da kafaɗa don ka saba da gogayya, domin a farkon gasa hannu da ƙafar mutane za su same ka ba da gangan ba. Idan ka ga lallai sai ka ɗanɗana buɗaɗɗen ruwa kafin gasa, a Tiga ko Bagauda misali, to ka yi shi sau ɗaya ko biyu kacal, da rana, da sanin masuntan wurin, da kwalekwale yana biye da kai, ka kuma sa a ranka cewa za ka yi gwajin tsargiya daga baya. Idan gasar a ƙasa mai sanyi take, za ka haɗu da rigar roba mai tsare ɗumin jiki. A dokar hukumar tirayatalon ta duniya, a iyon da bai wuce mita 1,500 ba, ana hana masu sha'awa 'yan ƙasa da shekara 60 sa ta idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22, tana kuma zama dole idan ya gaza 16. Ka yi hayarta da wuri ka gwada ta kafin ranar, saboda tana matse ƙirji, wanda bai saba ba kuma yakan firgita.

Mataki na huɗu shi ne keke, wanda yake cin fiye da rabin lokacin gasar. Keken hawan dutse ake buƙata, mai giya, mai faɗin taya, mai shok a gaba. Ba dole ne ya zama sabo ba, na gwanjo mai lafiyayyen ƙarfe ya wadatar, muddin girmansa ya dace da tsawonka kuma birkinsa yana kamawa gaba da baya. Don daidaita sirdi, ka zauna ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, to tsayin ya yi. Hular kwano kuwa sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya tsagewa ta ciki ba a gani, kuma babu gasar da za a bar ka ka hau keke ba tare da ita ba.

Batun iskar taya yana buƙatar a tsaya a kansa. Masu faci a bakin titi sun saba da tayar mota da ta Adaidaita Sahu, idan ka miƙa musu keke sai su cika ta ta yi tauri kamar dutse, alhali a kan burji da tsakuwa taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. A ma'aunin da tayar mota take shan 32 zuwa 35, tayar keken dutse mai tiyub takan so wajen 30, marar tiyub kuma 22 zuwa 28, gwargwadon nauyin mahayi. Ka sayi famfo mai agogo ka riƙa yi da kanka. Babban abokin gabarka a gonakin Kano shi ne ƙaya, musamman tsidau mai kwanciya a ƙasa da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Maganin da ya fi shi ne taya marar tiyub da aka zuba wa ruwan liƙi, wanda yake toshe ƙaramar huda da kansa tana cikin juyawa, sai dai zafin garinmu yana busar da shi da wuri, don haka a riƙa dubawa duk bayan wata biyu. Ko da wannan, ka riƙa tafiya da tiyub na ko-ta-kwana, da ƙaramin famfo, da ƙarafan cire taya, da ɗan makullin ɗaure kusoshi. Ka zauna wurin mai gyaran keke na unguwarku ka koyi canza tiyub da haɗa sarƙar da ta tsinke har hannunka ya faɗa, saboda a gasa ba a yarda wani daga waje ya gyara maka ba. Kada kuma ka bari a shafa wa sarƙarka baƙin mai, domin idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya. Ɗan mai mara kauri za a ɗiga, a goge ragowar da tsumma.

Ƙwarewar tuƙi ta fi ƙarfin cinya amfani a daji, kuma ana koyonta ne da maimaici a wuri guda. A rairayi, ka sauko giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ja nauyinka baya, ka sassauta riƙon kan keke, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada kuma ka yi kwana mai kaifi. A gangara, ka miƙe a kan feda ƙafafunka a daidai, ƙugu a baya, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ka taɓa birki biyun tare a hankali, ka kuma rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. A hawa mai tsakuwa ka zauna a kan sirdi, domin idan ka miƙe tayar baya za ta yi ta sulɓi. Idonka kuma ya kasance a kan inda kake son bi, saboda duk dutsen da ka zuba wa ido shi keken zai nufa. Tunda ƙasar kewayen birni shimfiɗaɗɗiya ce, ka ware Asabar ɗaya ko biyu a wata ku ɗora kekuna a mota ku nufi wajen Rano ko Tiga inda duwatsu suke. Kada ka shiga daji mai nisa kai kaɗai, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin dawowarka. Turbar gona kuma ta masu gona ce: ka rage gudu idan ka hango mai shanu ko mai jaki ko yara, ka yi sallama, ka ce “sannu da aiki, Baba”, idan kuwa ku da yawa ne za ku riƙa bin wata hanya a kai a kai, ku fara zuwa gaishe da dagaci ku gaya masa abin da ya kawo ku.

Mataki na biyar, gudu, ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sami takalmi mai haƙora a ƙasa wanda ya bar wa yatsu sarari, ko sabo ko na Ƙofar Wambai, muddin tafinsa bai cinye ba. Ka yi mafi yawan gudunka a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai, kada kuma ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisa daga mako zuwa mako. Sau ɗaya a mako ka je Dutsen Dala ko Goron Dutse da sassafe ka yi hawa da sauka, da gajeren taku, kana kiyaye gwiwa a wajen saukowa. Idan hawa ya yi tsanani a gasa, tafiya da sauri hannu a kan cinya ba abin kunya ba ce, gogaggu ma suna yi.

Bayan wannan sai haɗawa. Mako na yau da kullum ya ƙunshi iyo sau biyu ko uku, keke sau biyu, gudu sau biyu, da yini guda na cikakken hutu, kuma kowane mako na huɗu a rage komai da kusan kashi ɗaya bisa uku don jiki ya murmure. Daga mako na shida, ka riƙa sauka daga doguwar tafiyar keke ka sa takalmi nan take ka yi gudun minti 10 zuwa 20. Karon farko za ka ji ƙafafunka kamar na aro, amma bayan sau huɗu ko biyar jiki yana sabawa. A waɗannan dogayen ranaku ne kuma za ka gwada abinci. Idan aiki ya wuce awa guda, jiki yana son gram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, kuma ayaba ɗaya tana da kusan 25, dabino biyar ko shida kusan 30. Ruwa kuwa rabin lita zuwa kwata uku a awa, wato ledar fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a sha kaɗan-kaɗan. A ranakun zafi ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti a gora ɗaya: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Idan ka ji jiri ko tashin zuciya ko kanka ya fara ruɗewa, ka tsaya a inuwa, ka jiƙa jikinka, atisayen ranar ya ƙare ke nan.

Saura mako uku, ka shirya wa kanka gwaji da abokai: iyon mita 400 a wurin da ka saba, keken kilomita 15, gudun kilomita 4, wani yana riƙe da agogo, wani yana biye a babur da ruwa. Daga nan ka fara rage atisaye, a makon ƙarshe ka yi rabin abin da ka saba. Ka isa garin gasa da kwana biyu ko uku a hannu, ka haɗa kekenka, ka zaga hanyar a hankali kana lura da wuraren da ya fi maka ka sauka ka tura, ka kuma halarci taron bayanin dokoki.

Ranar gasa ka karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin farawa, da abin da cikinka ya sani, kada ka sa sabon takalmi ko ka ci sabon abu. A filin sauya kaya, wato wurin da ake ajiye kekuna a sauya daga wannan wasa zuwa wancan, ka rataye keke a lambarka, ka shimfiɗa ɗan tawul, ka jera hular kwano a buɗe da tabarau da takalma da lambar ƙirji, sannan ka taka daga bakin ruwa zuwa wurin don ka gane shi cikin ɗaruruwan kekuna. Na'urar auna lokaci a idon sawun hagu ake ɗaura ta, saboda sarƙar keke tana dama. A ruwa ka tsaya a baya ko a gefe, ka bar masu gaggawa su wuce, idan numfashi ya sarƙe ka juya rigingine ka huta, idan abin ya faskara ka ɗaga hannu masu kwalekwale za su zo. Da ka fito, ka ɗaure igiyar hular kwano kafin ka taɓa keke, ka tura shi har ka wuce layin hawa, wato layin da sai an tsallake shi ake hawa keke, idan ka dawo kuma ka sauka kafin layin, kada ka kwance hular sai keken ya koma mazauninsa, domin saɓa wannan yana jawo hukunci. A ƙunƙuntar turba, idan na bayanka ya yi magana ka ba shi hanya a inda ya yi maka sauƙi, kai ma ka sanar kafin ka wuce wani. Ka ci ka sha a kan keke a wuraren da hanya ta miƙe, saboda a gudu ciki ba ya karɓar abinci sosai. A cikakkiyar gasa ƙwararru sukan gama cikin awa biyu da rabi zuwa uku, mai sha'awa kuwa yana iya kai awa huɗu ko biyar, don haka rabin farko na keke ka yi shi da sauran ƙarfi a ajiye.

Idan ka tsallake layi ka ci gaba da takawa na wasu mintuna, ka sha ruwa, ka ci abinci cikin awa guda, ka wanke duk ƙujewar da ka samu da sabulu da ruwa mai tsabta. Ka ba jikinka mako guda ba tare da atisaye mai nauyi ba, ka wanke keke ka duba birki da sarƙa kafin ka ajiye shi. Idan kuma a cikin shirin ka taɓa shiga ruwan madatsa ko kogi a nan gida, ka je asibiti a gwada fitsarinka bayan wata biyu zuwa uku ko da ba ka ga jini ba, domin ƙwayayen tsargiya ba sa bayyana a gwaji da wuri, kuma maganinta, firazikwantel, ya fi aiki bayan tsutsar ta girma.